Kwano Biyu na Gidan Sitti

Rana ta faɗa bayan duwatsun Makka, hasken da ya rage a unguwar Mansur ya yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Hajo tana zaune a saman bene, a ƙofar ɗaki ɗayan da suke haya ita da 'yarta Minnatullah, tana wanke shinkafar wainar da za ta sayar gobe. Mako ɗaya ke nan da tashin alhazai. Titin ƙasa ya rage hayaniya, masu shaguna suna ta sauke ƙofofinsu don sallah. Ladan bai kai ga kabbara ta biyu ba, dutse ya faɗo a kan kwanon rufin ɗakin.

Hajo ta ɗaga kai ta zagi 'ya'yan maƙwabta a zuciyarta, ta ci gaba da aikinta. Na biyu ya sauka, na uku ya bi shi, shi kuwa tsakiyar robar shinkafar ya faɗa har ruwa ya fantsamar mata a fuska. Ta tsamo shi don ta jefar, sai hannunta ya tsaya. Ɓaraguzan bango ne, gefe ɗaya da fenti shuɗi. Ta san wannan shuɗin. Shekara goma sha bakwai tana goge shi da tsumma a matakalar gidan Sitti, a unguwar Tandabawi, gidan da yau shekara huɗu ke nan da rushe shi. Ga shi kuma babu wani bene kusa da ya fi nasu tsawo, balle a ce daga can aka jefo.

Daga cikin ɗaki ta ji wata ƙara, siririya, doguwa, irin ta kwanon tagulla idan an taɓa bakinsa da cokali. Ta kira Minna, shiru. Ta leƙa. Yarinyar tana tsaye gaban kayan aurenta da aka tara a kusurwa, hannuwanta a sake, ta ƙura wa kwanon zinariyar ido, shi kuwa yana ta kuka shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi.

A nan sai an koma baya kaɗan, don a san kwanon da kuma matar.

Hajo 'yar Kano ce. Shekara ashirin da huɗu da suka wuce ta zo aikin Hajji tare da mijinta Mukhtaru, suka bar 'yarsu ta fari, Asma'u, mai shekara huɗu, a hannun kakarta, da alkawarin wata biyu. Mukhtaru ya ce a ƙara shekara ɗaya a ɗan samu abin komawa da shi. Shekarar nan ita ce ta haifi 'yan'uwanta. Aka haifi Minna, Mukhtaru ya rasu, Hajo ta zama ɗaya daga cikin matan da ba su da takardar zama, masu sanin kowane lungu da za a bi a kauce wa motar jami'ai. In ta fita ƙasar, ta fita ke nan. Don haka ba ta fita ba. Asma'u ta girma, ta yi aure, ta haihu har uku, duk a waya. Wayar ma gaisuwa ce ta minti biyu, yaya yara, yaya zafi, sai an jima. Kasancewarta 'yar fari, Hajo ba ta taɓa kama sunanta ba. "Ta Kano" take cewa, kuma kunyar nan ta yi mata rana, don ta ɓoye abubuwa da yawa a bayanta.

Sitti kuwa wata tsohuwa ce da Hajo ta yi wa aikin gida. Kakanta ya zo Hajji daga ƙasar Sin tun zamanin jirgin ruwa da raƙuma, bai koma ba, kuma abin da ya rage na tafiyarsa shi ne kwano biyu na tagulla. Ɗaya an yi masa ado da zaren zinariya, da hoton wani babban tsuntsu mai dogayen ƙafafu a tsaye cikin furanni. Ɗayan adonsa na azurfa ne, tsuntsunsa ƙarami, ya buɗe baki yana kallon sama. A wani alkuki na matakala suke zaune, an kife ɗaya a kan ɗaya baki da baki, an ɗaure da jan siliki. Dokar Sitti ɗaya ce a kansu: a kaɗe ƙura, kada a kwance. Hajo ba ta taɓa tambayar dalili ba. Tsofaffin masu gida ba sa rasa irin wannan fi'ili, kuma ita aiki ya kawo ta.

Da Sitti ta rasu aka kuma sa wa gidan alamar rusau, jikokinta suka kwashi abin da suke so, suka ce Hajo ta ɗauki sauran. Kwanukan sun yi baƙi ƙirin, ba wanda ya dube su sau biyu. Ta kai su ƙasan akwatinta, a ɗaure kamar yadda ta same su, suka yi shekara huɗu ba su ce mata uffan ba.

Sai aka sa ranar Minna da Uzair, wani direba haifaffen Makka da suka daɗe suna son juna. Kowace uwa ta san abin da ake kallo ranar jere. Mata za su shiga ɗakin amarya su bi kwanuka da ido ɗaya bayan ɗaya, su fito su ba da labari. Abin da Hajo ta tara da kuɗin waina bai wuce na rufin asiri ba. Ta tuna da akwati. Ta kwance silikin da haƙori, ta samu toka da lemun tsami ta dirje su kamar tukunyar biki, sai ga abu yana walƙiya har ta ji ƙirjinta ya buɗe. Ta ce yau dai za a san Minna tana da uwa.

Amma kwano biyu ne, kuma 'ya'ya biyu gare ta. Ta zauna da su a cinya tana jin wani abu yana cin ta. Ta Kano ta yi aure ko cokali ba ta aika mata ba. Ta ga ba za ta iya haɗa wa ɗaya duka biyun ba Allah yana kallonta. A makon ne wata hajiya 'yar unguwarsu ta Kano take haɗa kayan komawa. Hajo ta naɗe na azurfar a zani, ta cusa dabino a cikinsa, ta ba ta tsaraba ta kai. Ranar ta kwana da sanyin zuciya, tana ganin ta yi adalci.

To, wannan adalcin ne yake kuka a kusurwar ɗaki.

Daga ranar, kowace magariba sai an yi jifa. Ba a yi da rana, ba a wuce sallar isha'i. Duwatsun kuma duk masu shuɗin fenti. Bayan jifan sai murya, ta tsoho, daga wajen tankin ruwa, tana kiran wani suna da wani harshe mai hawa da sauka, kira irin na wanda ya gaji da kira amma ya kasa dainawa. Hajo ta kunna karatun Baƙara a waya, ta yi hayaƙin habbatus sauda, ta yayyafa zamzam a kusurwa huɗu. Ta mayar da kwanon akwati, da magariba ta same shi a kan kayan jere. Ta kai shi ɗakin maƙwabciya, matar ta dawo da shi kafin isha'i, ta ajiye a bakin ƙofa ko sallama ba ta yi ba.

Minna ta daina cin abinci. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa, Larabci kamar famfo, Hausa kuwa sai an yi ta dariya, ta koma zama a gaban kwanon tun daga la'asar. Idan an taɓa ta, jikinta sanyi ƙalau. A rana ta shida ta buɗe baki ta kama kiran sunan nan da muryar tsohon, idonta a buɗe, ba ta san uwarta ba.

Abin da ya fi ƙona wa Hajo rai shi ne duk ƙofar da ta nufa a rufe take. Asibiti sai da takarda. Ihu ba dama, don ihu yana jawo jama'a, jama'a kuma suna jawo hukuma. Kabo, wakilin mai gidan, ya hawo yana haki ya ce dutse ya fasa gilashin motar wani a titi, mutumin ya rantse in aka sake zai kira 'yan sanda, don haka ko ta san yadda za ta yi ko ta nemi wani saman benen. Uzair yana zuwa kullum ya tsaya a matakala, ita kuma tana ce masa zazzaɓi ne, alhali ta san labari ya riga ya kai kunnen uwarsa. Saura wata ɗaya biki. Shekara ashirin da huɗu tana lallaɓa rayuwarta kamar mai ɗauke da ƙwai, ba ta taɓa faɗa da kowa ba, ba ta taɓa ɗaukar allurar wani ba, yau ga shi kwanon da aka ba ta kyauta yana neman cinye mata 'ya. Ta yi kuka, amma kukan haushi ne.

Uzair ne ya gaji da zancen zazzaɓi ya zo da Malam Ubaidullah. Basakkwace ne, ɗalibin ilmi da ya shekara goma a Makka, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron tashin wani daga barci. Ya zo bayan la'asar, ya ce a bar ƙofa a buɗe, Uzair ya tsaya a bakinta. Ya dubi duwatsun da Hajo ta tara a bokiti, ya dubi kwanon, bai taɓa shi ba. Ya sa aka lulluɓe Minna da mayafi, uwarta ta riƙe kafaɗunta, ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Inuwar tanki ta miƙe har ta shigo ɗakin. Titin ƙasa ya yi tsit. Da ya kai Ayatul Kursiyyu karo na bakwai, kwanon ya ɗauki ƙara, jikin Minna ya sandare a hannun uwarta, sai murya ta fito daga ƙarƙashin mayafin.

"Malam, ya isa haka. Ni ma na iya ta."

Tsikar jikin Hajo ta tashi, ba don muryar ba, don Hausar. Hausar Kano ce tsantsa, ta cikin gari, irin wadda Minna ba ta taɓa iya haɗa jimla ɗaya da ita ba.

Malam ya tambaye shi ko shi wane ne, kuma ko Musulmi ne. Ya ce Musulmi ne tun kafin a haifi kakan Malam. Sunansa ba zai shiga bakinsu ba, don haka a bar shi. Tare da kakan Sitti suka zo Hajji, a cikin kwanukan nan, shi da 'yarsa, da yarjejeniyar ba za su cuci kowa ba muddin an bar musu ɗakinsu a rufe. Malam ya ce to a ina ya koyi Hausa.

"A bakin wannan matar. Shekara goma sha bakwai tana goge matakala tana magana ita kaɗai. Babu abin da ban ji ba."

Hajo ta sunkuyar da kai. Ta ji kamar an yaye mata zani a kasuwa.

Malam ya ce masa in shi Musulmi ne ya san zalunci haramun ne, yarinyar nan ba ta yi masa komai ba, ya fita. Muryar ta yi wata dariya marar daɗi, ta ce shi ma ba a tambaye shi ba ranar da aka kwance masa ɗaki da haƙori aka dirje shi da toka. Wannan duk ya haƙura. Amma lokacin da aka raba kwanukan, 'yarsa tana barci a cikin na azurfar. Ya waiga ya ga an naɗe ta a zani an fita da ita. Tun ranar yake komawa kangon gidan Sitti ko tana can, ya dawo da dutse a hannu don a san bai same ta ba. Ya yi jifa, ba a gane ba. Ya yi kira, aka kunna masa waya. Sai da ya ari bakin yarinyar nan sannan ga shi an zauna ana sauraronsa.

Hajo ta ce Kano ta aika da kwanon. Malam ya ce masa ai ku masu ratsa ƙasashe ne kafin ƙiftawar ido, ya je Kano ya ɗauko ta mana. Tsohon ya ce wannan aikin samari ne. Shi a kwano aka kawo shi, hanya ɗaya ya sani a duniyar nan, daga nan zuwa Tandabawi. Malam ya ce to za a nemi mai tafiya a ba shi na zinariyar ya kai. Ya ce ba zai shiga jakar baƙo ba, an yi wa 'yarsa haka ya gani. Hannun da ya kwance shi ne zai ɗaure, ba wani ba. Malam ya juya wajen Hajo ya ce saura hanya ɗaya mai sauƙi, a kira Kano a ce su maido da na azurfar.

Hajo ta ga kanta tana kiran 'yar da ta bari tana shekara huɗu, tana ce mata abin nan guda ɗaya da na taɓa aiko miki, ki dawo da shi, ƙanwarki ce ba lafiya. Ta girgiza kai.

"Ba zan iya ba, Malam. Shi ke nan abin da na taɓa ba ta."

"Na san ba za ki iya ba," in ji muryar. "Ke kin yi shekara ashirin da huɗu ba ki ga taki ba, kina ci kina sha kina suyar waina. Ni kwana ashirin na yi, kin ga yadda na koma. Ban san yadda kike yi ba, Hajo. Wallahi na daɗe ina mamakinki."

Ba da zafi ya faɗa ba, shi ya sa ta shige ta. Da zagi ne da ta rama. Haushin da ta kwana da shi mako biyu ya taso mata gaba ɗaya, ta ce masa shi me ya sani, shi da ba a tambayarsa takarda, ba a tsare shi a hanya, bai taɓa tsayawa gaban kasko da goyo a baya ba. Ta ce in ta tafi wa zai riƙe Minna. Ya ce Minna ta samu mai riƙe ta, ga shi can tsaye a ƙofa.

Malam Ubaidullah ya ɗaga hannu. Ya ce wa Hajo, a gaban aljanin, cewa jinsinsu suna ƙarya, kuma ba dole a kanta ta ɗauki sharaɗinsa. Zai iya ci gaba da karatu har ya fita ko yana so ko ba ya so, sai dai yarinyar za ta sha wuya, kuma ba ya iya yi mata alkawarin ba zai dawo ba, don wanda ke neman ɗansa ba ya jin duka. Ya ce yanka ko turare ko wata hidima, ko an nema ba za a yi ba. Amma mayar da abu inda aka ɗauke shi ba shirka ba ne. Shawara tata ce.

Shekarar ce hukuma ta buɗe ƙofar afuwa, duk marar takarda ya je ya ba da sunansa ya fita ba tara ba ɗauri, kuma wa'adin saura 'yan makonni. Hajo ta sani sarai. Tun watanni take kauce wa zancen, tana cewa ita a Makka za ta mutu a yi mata sallah a Harami, a binne ta a garin da aka binne mijinta. Ta kuma san mace mai shekarunta, mai sayar da waina, in ta hau jirgin nan ba ta da abin dawowa. Ta dubi hannun Minna da ya leƙo daga mayafi. Ya rame har awarwaron yana zamewa.

Ta ce a bar ta ta kai 'yarta ɗakin miji. Muryar ta ce kwana nawa. Ta ce talatin da biyar. Ya ce ya yi yawa, tasa 'yar tana can ita kaɗai cikin mutanen da ba ta sani ba. Malam ya ce masa ya ji tsoron Allah, ya riga ya ci kwana goma sha huɗu na rayuwar baiwar Allah, ba shi da bakin ciniki. Daga nesa wani ladan ya fara gyaran murya a lasifika.

"Talatin da biyar," in ji muryar. "A kife ni a kan faranti, kada a sa ni a jere mata su yi ta taɓa ni."

Malam ya sa shi ya rantse da Allah ba zai sake taɓa Minna ko wani na gidan ba, ba jifa, ba kira. Ya rantse sau uku. Malam ya ce ya fita ta ɗan yatsan ƙafar hagu. Ƙafar ta yi rawa, ta miƙe, ta saki. Kwanon ya yi ƙara ɗaya gajeriya ya yi shiru. Minna ta yaye mayafin da kanta, ta dubi mutanen ɗakin, ta ce da Larabcinta na kullum, "Ummi, yunwa nake ji." Ranar aka yi sallar magariba ba dutse ko ɗaya.

Aka yi biki. Ɗakin amarya ya yi kyau daidai gwargwado, mata suka shiga suka ƙirga abin da za su ƙirga suka fito, ba wadda ta san abin da ya kamata ya zauna a saman jeren. Hajo ta san shi, kuma duk lokacin da ta kalli gurbin sai ranta ya sosu. Minna ta yi kuka da ta ji zancen tafiyar, ta ce a jefa kwanon a teku. Hajo ta ce alkawari ta ɗauka a gaban malami. Ba ta gaya mata sauran ba.

Ta je ta bi layi kwana uku ta ba da sunanta, aka ɗauki hoton yatsunta, aka ba ta takardar fita. Ta sayar da kaskon waina. Ta nemo jan silikin a ƙasan akwati ta wanke shi. Abu ɗaya ta yi ta ɗagawa har ya zama saura kwana biyu, shi ne kiran Kano.

Ta kira da yamma, tana zaune a inda dutsen farko ya same ta. Aka yi gaisuwar da aka saba. Maimakon ta ce sai an jima, ta tambaya ko tsarabar ta isa. Asma'u ta ce ta isa, an gode. Sannan ta ce akwai abin da ba ta faɗa ba don kada a ce ta raina kyauta. Kwanon yana kuka kowace magariba, siririn kuka kamar na yarinya. Mijinta ya ce a fitar da shi daga gidan, ita ta hana. Takan ɗauke shi ta sa a cinya har ya yi shiru.

Hajo ta runtse ido. Ta ba ta labarin duka, tun daga alkukin Sitti har zuwa takardar fita, ta ce jibi za ta taso, za ta kawo ɗayan da hannunta.

Da ta gama, ta duba ko wayar ta yanke.

"Na yi aure ba ki zo ba," in ji Asma'u. Muryarta ba ta tashi ba. "Na haihu sau uku. Inna ta rasu a hannuna tana tambayarki. Yanzu za ki zo saboda kwano."

Hajo ta nemi abin da za ta ce. Duk hujjojin da ta tara shekara ashirin da huɗu suna nan, takarda, kuɗin jirgi, Minna, kuma duk gaskiya ne, amma ko ɗaya bai yarda ya fito ba. Aljani ya fi ta, ta sani, kuma 'yarta ma ta sani.

"Saboda kwano ne," ta ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Da ban ga wani uban yana jifa saboda tasa ba, da har yanzu ina nan ina cewa baɗi." Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar suna. "Asma'u. Ki yafe mini, ko ba yau ba."

Ta ji numfashi a ɗaya gefen, da kukan wani yaro can nesa, da ƙarar tabarya a gidan maƙwabta, ƙarar da ta manta da ita.

"Ƙarfe nawa jirgin zai sauka?" in ji Asma'u.

Ranar tafiya ta yi ɗawafin bankwana da safe, a hankali, don ƙafafunta sun ƙi sauri. Uzair ya kai ta Jidda a motarsa, Minna a baya tana riƙe da gefen mayafinta tun daga Mansur. Kaya ɗaya Hajo ta hana a sa a bayan mota. Yana kan cinyarta, a naɗe cikin zani, jan silikin a cikinsa. Da suka wuce iyakar Harami ta so ta waiga, sai ta ji kwanon ya yi ɗumi a tafin hannunta, yana wata 'yar rawa kamar mai gaggawa.

"Ka yi haƙuri mana," ta ce masa ƙasa-ƙasa, da ɗan haushi. "Ai tafiyar muke yi. Ni ma tawa tana jira."